Ƙahon da Aka Ba Mahaifina Ajiya

Shekarar da soja suka karɓi mulki a Yamai, a ƙofar gidan mai gari muka ji labarin, domin rediyonsa ne kaɗai ke da sauran rai a ƙauyenmu. Bazara ce, kuma ta biyo bayan damunan da ba su bar mana komai a rumbu ba. Mutane suka saurara, suka ce Allah ya sa alheri ne, kowa ya koma neman abin da zai kai bakinsa. A kwanakin nan ne taubashin mahaifina ya kawo masa ajiya.

Ƙauyenmu yana ƙasar Karofane, a gindin dutse. Mahaifina ne limamin garin, shi ke karantar da yara, ni kuma ina taya shi. A lokacin na riga na yi aure, ina da 'ya ɗaya wadda ta fara tafiya tana kama zanen uwarta.

Taubashin nan ɗan goggon mahaifina ne, mun tashi muna ce masa Kawu. Tun yana saurayi aka ɗauke shi soja zamanin Faransa, can aka koya masa busa ƙahon da ake tayar da soja da shi. Da aka sallame shi bai dawo gida ba. Ya zauna Yamai, ya shiga cikin makaɗan da ake kira 'yan jaz, masu kiɗa da kayan Turawa a wuraren rawa. An ce a shekarun da ƙasa ta samu 'yancin kai, in ya ɗaga ƙahonsa sauran makaɗa bin sa suke yi. Mu dai ba mu taɓa ji ba. Da ƙungiyarsu ta watse ya dawo ya kama gonar ubansa, kuma saboda kunyar mahaifina bai taɓa busawa a cikin gari ba.

Ranar da nake faɗa, ya shigo zaure da hantsi da wani abu naɗe cikin tsohon bargon soja. Ina nan ina wanke alluna.

Ya ce, "Liman, na kawo maka ɗalibi."

Mahaifina ya ɗaga gefen bargon, ya ga jan ƙarfe yana walƙiya, ya saki. "Ɗalibin Shaiɗan dai. Hitar min da shi waje."

"Kurmi za ni, taubashi. In na tahi da shi, ranar da yunwa ta kama ni Abijan saida shi za ni yi. In na bar shi ɗakina, wani shi ɗauke. Na duba garin ga duka, kai kaɗai ne ba ka son shi, kuma ba ka iya cin shi."

Mahaifina ya sake duban bargon. Sannan ya ce, "In ajiya ce, ajiya ba a ƙin ta. Mi yake ci?"

Kawu ya yi dariya. Ya fito da ƙahon, ya nuna masa wasu madannai uku da ke bisansa, yana danna su suna dawowa da kansu ba ko ƙara. Ya ce, "Mai kaɗai. Abin ga yana son mai, kada ka bari shi bushe."

Abin da ya faɗa ke nan. Mahaifina bai tambayi wane irin mai ba, ni ma da nake zaune tambayar ba ta zo mini ba. A wurinmu in an ce mai, na shanu ne ko na gyaɗa.

Mahaifina ya sa baduku ya ɗinka wa ƙahon gafaka ta fatar akuya, irin wadda ake yi wa littattafai, sai dai doguwa. Ya rataye ta a zaure, a turken da ke nesa da Alƙur'ani. Yadda yake shafe gugan rijiya da gafakokinsa da man shanu don kada su tsage, haka yake yi wa ƙahon. Yakan sauko da shi, ya shafe bayansa, ya narka ɗan man a rana, ya ɗiga shi da tsinke a gindin kowane madanni, ya mayar. Ba ya kallonsa da sha'awa, bai kuma taɓa kai shi baki ba. Yana yi ne kamar mai ba jakin maƙwabci ruwa.

Damina ta yi nisa a shekarar, yunwa kuwa ta riga ta shigo gida. Muka ci dusa, muka ci anza bayan an jiƙa ta an zubar da ɗacinta. Jar dawar taimako takan zo garin Buza, kafin ta iso mu ta zama 'yar kaɗan. Sai wani dillali ya fara zagaya ƙauyuka da raƙumi, yana karɓar mundaye da ƙarau da duk wani abin tagulla ko azurfa, yana ba da hatsi. Mata suka tuɓe hannuwansu. Mahaifiyata ta riga ta rasu, amma abin da ta bari na ado duk ya tafi, da ragon mahaifina, da babbar rigarsa ta idi.

Wani ya gaya wa dillalin akwai ƙaho a zaurenmu. Ya zo ya duba, ya ce zai ba da buhun hatsi cikakke, domin ya san mai so a Najeriya. Mahaifina ya ce ba nasa ba ne. Dillalin ya ce mai shi yana kurmi, wa ya san ko yana da rai. Mahaifina ya ce in ya mutu na magadansa ne. Ya raka shi har bakin ƙofa, suka yi sallama.

Matata ba ta iya gaya wa surukinta magana ba, ni ta gaya wa, tana daka dusar da ba ta kai rabin turmi ba. Ta ce, "Buhun hatsi na rataye zauren ga, ɗiyarka kuwa ka gan ta." Na ce mata ajiya ce. Bayan 'yan kwanaki wani ya kawo wa mahaifina ɗan man gyaɗa sadaka a cikin kwalbar magani. Ya aika da shi cikin gida, amma sai da ya tsoma tsinke ya ɗiga wa ƙahon nasa rabon. Matata ta gani ta kafar ƙofa.

Ƙyanda ta shigo gari kafin hatsi ya nuna, ta sami yara ba ƙarfi. 'Yata tana cikin waɗanda suka tafi. Mahaifina ne ya yi mata salla. Ni ban taɓa cewa ƙaho ne ya kashe ta ba, ajali ne, kuma gidajen da suka sayar da komai su ma sun binne nasu. Amma daga ranar matata ta buɗe wata kafa a darnin bayan gida, ta nan take fita rijiya ta dawo. Ba ta sake bi ta zaure ba. Mahaifina ya lura, bai kuma ce a toshe kafar ba.

Shekaru suka yi ta wucewa. Masu dawowa daga cin rani sukan ce sun ga Kawu yana gadi a wani kanti, wasu su ce yana dako a bakin teku. Allah ya ba mu wasu 'ya'yan. Yunwa ta biyu ta zo, ita ma ta ɗauki waɗanda za ta ɗauka ta wuce. Ƙaho yana nan a turkensa yana shan mai.

Sai a shekarar da ruwa ya dawo bayan yunwa ta biyun nan Kawu ya sauka, ana cikin yankan hatsi. Da ƙyar na gane shi. Ya rame, haƙoransa na gaba sun zube, yana wani tari mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. Ya sauka a gidan ɗan ƙaninsa, domin nasa ɗakin ya rushe.

Washegari bayan sallar asuba mahaifina ya sauko da gafakar, ya ce in zo in raka shi ya mayar wa mutum abinsa. Ya zaro ƙahon ya goge shi da gefen riga. Sai ya tuna yadda Kawu ya nuna masa, ya sa yatsa ya danna madanni na farko. Bai motsa ba. Ya danna na biyu, ya danna na uku, duk kamar an kafa su da gini. Ya miƙo mini, na gwada da ƙarfina na mai noma, ko alama. Da na kai hancina kusa sai na ji warin tsohon mai, na ga wani kore-kore ya daskare a gindinsu.

Mahaifina ya zauna a buzunsa. Ya ce, "Da ya ba ni, suna tahiya suna dawowa."

Na ce, "Malam, kai dai ka yi abin da ya ce."

"Ya ce in ba shi mai, bai ce in kashe shi ba."

Ya mayar da shi gafaka ya rataye. Na kai wa maƙerin garinmu maganar a ɓoye, ya ce a kawo ya sa a wuta, duk ƙarfen da ya ji wuta zai saki. Mahaifina ya ce bai yarda ba, ya ɓata abu da mai, ba zai ƙarasa shi da wuta ba.

Daga nan aka shiga wani zama da har yau ban mance da shi ba. Kowace la'asar Kawu yakan dogara sanda ya zo ƙofar gidanmu, su zauna a tabarma ɗaya. Su yi ta tsokanar juna kamar da. Kawu ya ce Liman ya tsufa har yana mance surorin da yake ja wa mutane, mahaifina ya ce wanda ya bar haƙoransa a kurmi ya koma ya ɗauko kafin ya yi magana da manya. Za su taɓo kowa da komai, ban da ƙaho. Kawu bai taɓa shiga zauren ba. Daga baya na gane cewa shi a ransa an daɗe da sayar da abin a shekarun yunwa, ba ya so ya tambaya ya kunyata limami. Mahaifina kuma yana ganin shirun nan jira ne ake yi masa. In Kawu ya tafi yana tari, sai ya bi shi da ido har ya sha kwana. Abinci ya rage ci. Sau da yawa nakan ji shi yana cewa ba ya so a tashe shi gobe ƙiyama da kayan wani a wuya.

Da aka gama kai hatsi rumbu, tarin Kawu ya fara zuwa da jini. Ɗan ƙaninsa ya kai shi Madawa, ya sauke shi a gidan wani ɗan garinmu mai sayar da albasa, ana yi masa allura a gidan likita. Ba a jima ba aka aiko cewa jikin ya yi nauyi, mai son ganinsa ya zo.

Mutumin da ya kawo saƙon ne ya ce, a cikin hira, garin Madawa ya cika da zancen wasu 'yan jaz da suka zo daga Tawa, za su yi wasa a gidan samari. Wai kiɗan da za su yi duk na zamanin da ne, na ƙahoni, don tunawa da waɗanda suka fara shi. Mahaifina bai ɗaga kai ba. Amma da gari ya waye na same shi ya yi shiri, gafakar tana rataye a kafaɗarsa a ƙarƙashin riga.

Muka sami kamiyon 'yan kasuwa, babbar motar kaya, muka hau. Duk tsawon hanya yana rungume da ita don kada ta bugu da ƙarfe. Wani da ya san shi ya ce, "Allah gafarta Malam, wannan littafi da tsawo yake." Mahaifina ya ce, "Da nauyi kuma."

Na ɗauka gidan mai albasa za mu fara zuwa, sai ya ce in tambayi hanyar gidan samari. Mutumin da in ya ji kalangu a gidan biki yakan sake hanya, shi ne ya tsaya a ƙofar wurin yana sallama. Muka tarar da su a inuwar katanga suna jera kaya. Yawancinsu malaman lakwal ne, wato makarantar boko, da ma'aikatan gwamnati, kiɗan abin sha'awarsu ne. A gabansu akwai takardu masu layi-layi da ɗige-ɗige baƙaƙe. Ni da na tashi da allo da ajami, sai na gan su kamar wasulla da aka zuba aka mance da baƙaƙen.

Da suka ga rawani da carbi suka yi tsit, suna zaton wa'azi aka zo yi musu. Mai busa ƙahonsu, wani mushe, wato malamin lakwal, mai faɗin kafaɗa, ya taso ya rusuna ya gaishe shi.

Mahaifina ya ce, "Ɗana, ba faɗa ya kawo ni ba. Mara lafiya na kawo."

Ya zaro ƙahon. Mushen ya karɓa da hannu biyu, ya juya shi, ya danna, ya shinshina. Na ga dariya ta zo masa, ya dubi fuskar mahaifina, ya haɗiye ta.

"Baba, mi aka sa mishi?"

"Man shanu. Wani lokaci na gyaɗa, in babu."

"Tun yaushe?"

"Tun shekarar da soja sunka hau."

Mushen ya ce, "To ai ya ci abin da mu ba mu ci ba." Sannan ya bayyana mana a hankali cewa akwai wani mai tsinkakke kamar ruwa da ake sa wa irin waɗannan, namu kuwa daskarewa yake yi ya kama ƙarfen. Ya ce kowa aka gaya wa mai, abin da zai yi ke nan.

Ya aika aka sayo kananzir, ya zuba a tasa, ya kwance abin da zai kwantu ya jiƙa. Mahaifina ya tsuguna a gefensa tun hantsi, bai tashi ba sai da aka kira azahar, muka je muka dawo. Mushen yana ta bubbugawa da ɗan itace a hankali, yana murzawa da tsumma. Wani baƙin abu mai kauri ya yi ta fita. Madanni na farko ya saki. Can an jima na biyu ya saki. Na ukun ya yi ta fama da shi har zufa ta jiƙa masa riga, daga ƙarshe ya ce wannan ƙarfe ya ci ƙarfe, in ya matsa zai karye.

Ya haɗa shi, ya ɗiga masa nasu man, ya ɗaga zai kai baki don ya gwada. Mahaifina ya kama hannunsa.

"Gyara na ce ka yi. Busawa ba ni da izininta, balle in ba ka."

"Baba, in ba a busa ba, ƙaƙa za mu san yana da murya?"

"Mai shi na nan garin ga. Shi za ya ce."

Da ya ji ko wane ne mai shi da inda ya yi busa a da, sai mushen ya ce kiɗan su Kawu ne za su yi yau, a faya-fayai suka koye shi. Ya ce za su fara bayan la'asar saboda dattawa da 'yan lakwal, in mai ƙaho zai iya zuwa, a zo da shi.

Mun sami Kawu kwance a rumfa a gidan mai albasa. Ya zama ƙashi da fata, amma idonsa na nan. Ya riga ya ji motar da ke yawo da lasifika tana shelar wasan, tun safe yake roƙon a kai shi ana hana shi.

Ya ce, "Liman, ka zo yi min salla tun ban mutu ba?"

"Na zo kai ka wurin rawa."

Kawu ya dube shi, ya dube ni. "Yaro, ubanka ya sha wani abu bisa hanya?"

Mai gidan ya ba mu amalanken jakin da yake ɗaukar albasa. Muka shimfiɗa tabarma, muka jingina Kawu da buhu. Ni na ja jakin, mahaifina yana biye a ƙasa. Da muka isa bai yarda ya shiga ba. Muka tsayar da amalanken a bakin ƙofa, inda Kawu zai iya hangen makaɗan, shi kuma ya tsaya daga gefe ya ba su baya, yana jan carbi.

Ni ban san kiɗan nan ba, ba zan kuma ce na iya bayyana shi ba. Abin da na ji shi ne ƙaho ɗaya yana tafiya a gaba, a fili, kamar zabiya ta ɗauko waƙa, sauran ƙahonin su amsa masa tare, ganguna suna tafe a ƙasa ba gaggawa. Wasu waƙoƙin masu sauri ne, 'yan lakwal suna tafi. Wasu kuma a hankali, murya ta hau can sama ta tsaya, ta daɗe, sannan ta sauko. Kafin kowace waƙa babbansu yakan faɗi cewa wannan ita ce aka yi ta ji a rediyo lokacin da iyayensu ke samari. Wasu tsofaffin ma'aikata masu furfura suka tashi suna taka rawa su kaɗai, idanunsu a rufe.

Kawu bai yi tafi ba. Hannunsa na dama yana bisa gwiwa, yatsu uku suna hawa suna sauka. Wani wuri yakan girgiza kai ya ce sun yi sauri. Wani wuri ruwa ya yi ta bin kumatunsa bai share ba.

Da rana ta yi ja suka tsaya su huta, mushen ya fito wurinmu ya durƙusa ya gaida Kawu. Nan ne mahaifina ya juyo. Ya ɗaga riga, ya sauke gafakar, ya zaro ƙahon ya ɗora a cinyar taubashinsa.

Kawu ya daɗe yana kallonsa bai taɓa shi ba. Sannan ya ce, "Ba ka saida ba."

"Ba nawa ba ne."

"Yunwa biyu, Liman."

"Bari in gama. Ka ce in ba shi mai, na ba shi na shanu, ya kama shi. Yaron ga ya kwance biyu. Na ukku ya mutu, kuma hannuna ya mutu. Ban sani ba ko da sauran murya gare shi."

Kawu ya ɗauka ya shinshina, ya fara dariya, dariyar ta koma tari, sai da na riƙe shi ya lafa. Ya ce, "Da ka ƙara mishi da fura." Ya danna na farko, ya danna na biyu, ya taɓa na ukun ya bar shi. Ya kai baki, ya tattara abin da ya rage masa na numfashi ya hura. Iska ce kawai ta fita. Ya sake gwadawa, sannan ya sauke shi.

Ya dube ni ya ce, "An hwaɗa min ka rasa ɗiya shekarar da na tahi." Na ce haka ne, Allah ya karɓi abinsa. Ya dubi ƙahon, ya dubi mahaifina, na ga ya haɗa abin a ransa.

Mahaifina ya ce, "Ga shaidu biyu. Ka ce ka karɓa."

"Ban karɓar jaki ban ga tahiyarshi ba." Ya miƙa wa mushen ƙahon. "Ɗana, na ba ka izini, tunda limami sai da izini. Ka san wadda kunka yi a hankali ɗazu? Yi min ita. Inda na ukku ya kamata, ka tsallake."

Mushen bai koma ciki ba, nan bakin ƙofa ya tsaya ya busa. Muryar ta fito a dushe da farko, kamar ta wanda ya tashi daga dogon ciwo, sannan ta washe. Mutanen da ke ciki suka yi shiru, wasu suka leƙo. Ni ban san waƙar ba, amma ina jin wuraren da yake tsallakewa, ya ɗan tsaya kamar mai ɗingishi ya ci gaba. Mahaifina wannan karon bai juya baya ba. Ya tsaya ya ji ta har ƙarshe, carbi yana hannunsa bai ja ba.

Mushen ya goge bakin ƙahon ya mayar wa Kawu. Kawu ya rungume shi a ƙirji.

Ya ce, "Na karɓa, yadda na ba ka."

Mahaifina ya ce, "A'a. Ba yadda ka ba ni ba. Hwaɗi gaskiya, shaidu na ji."

Kawu ya ja numfashi. Sannan ya ce, "To, na karɓa yadda yake. Abin da ya ragu na yafe maka, duniya da lahira. Kai ma abin da ajiyar ga ta ci gidanka, ka yafe min."

"Wannan ba ni kaɗai ke da shi ba," in ji mahaifina, ya dube ni. Na ce na yafe, uwar yarinyar kuma zan kai mata maganar, ita ta san abin da za ta ce. Mahaifina ya ce, "Nawa na yafe."

Aka kira magariba. Mahaifina ya naɗe gafakar ya tura ta ƙarƙashin kan Kawu ta zama matashi, ya ce in juya jakin.